Aron littafi ya koma rigimar wane ne masunci

Mai Fatsa: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina, haƙurina ya ƙare. Wata takwas ke nan da na ba wani a zauren nan aron littafina na kamun kifi, mai zanen ƙulle-ƙullen igiya da bayanin halin kifaye. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Jiya ya aiko yaro da shi cikin baƙar leda. Bango ya ɓalle, takardu sun kumbura sun manne da juna, yana ta ƙarni, har da ɓawon kifi a maƙale a tsakiya. Shafuka shida na ƙulli babu su, an yage. Da na yi magana sai cewa ya yi wai ai littafi ba ya kama kifi. To ni ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: masuncin da ba ya karatu wahalar da kansa kawai yake yi a bakin ruwa. Daga yau na rufe ƙofar aro. Mai so in faɗa masa sunan littafi mai kyau ya nema da kansa, zan faɗa.

Ɗan Tana: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Malam. Don Allah wane littafi ne? Ni sabon shiga ne, ina neman wanda zan fara da shi.

Baba Mai Taru: Yaro, tsaya tukuna. Ka ce "masunci". Wa kake nufi? Kai da kake zuwa ranar hutu da sanda mai naɗewa da kujerar zama da lema? Masunci shi ne wanda in ruwa ya hana shi yau, iyalinsa sun san ya hana. Ku masu shaƙatawa ne. Ba zagi ba ne, amma kowa ya tsaya a sunansa.

Mai Fatsa: Baba, da girmanka. Maganar littafina nake yi.

Baba Mai Taru: Ni ma ita nake yi. Ka ce wanda bai yi karatu ba wahala yake. Shekara arba'in ina cikin ruwa ban buɗe littafi ba, to ni ne mai wahalar ke nan.

Na Baba: Gaskiya Baba ya faɗa. Wasu in an ɗauke musu waya da littafi ko tana ba za su iya soke wa a ƙugiya ba.

Malam Mai Allo: A yi haƙuri in sa baki. Littafin kamun kifi da ya fi kowanne suna a duniya shi ne The Compleat Angler na Izaak Walton, wanda ya fito a Ingila a 1653, kuma har gobe ana sake buga shi. Walton ɗan kasuwa ne a Landan, ba da kifi yake ciyar da gidansa ba. A 1676 abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa kashi na biyu kan kamu da ƙudan ƙarya, wato gashin tsuntsu da ake ɗaure wa ƙugiya ya yi kama da ƙwaro. Walton ya rayu shekara casa'in yana bin koguna da sanda. Idan wannan ba masunci ba ne, me za mu kira shi?

Baba Mai Taru: Ɗan kasuwa. Ai kai ka faɗa da bakinka.

Na Baba: 😂😂 Malam ya harbi kansa.

Malam Mai Allo: Ba abin da nake nufi ke nan ba. Ina nufin su sana'a ce, kuma ilimi ne. Mai taru yana da nasa, mai fatsa yana da nasa.

Na Baba: Su daban, fatsa daban. Kada a haɗa mana. Wanda ya jefa ƙugiya ɗaya ya zauna yana danna waya ba su yake yi ba, jira yake yi.

Hajiya Mai Ƙugiya: Ikon Allah. Kullum in aka fara wannan magana sai a yi kamar mu ba ma nan. Tun kafin Walton ɗin naku, a 1496, an buga wata ƙasida a Ingila kan kamun kifi da ƙugiya, kuma sunan mace ake jingina wa, Juliana Berners. Har da yadda ake haɗa sanda da rina igiya a ciki. Ku da kuke rabon sunan masunci, ita a ina kuka ajiye ta?

Malam Mai Allo: Hajiya, "jingina wa" ɗin nan da kika faɗa shi ne daidai. Masana da yawa suna shakkar ita ta rubuta.

Hajiya Mai Ƙugiya: Na san za a rina. Da namiji ne da ba a yi shakka ba.

Malam Mai Allo: Subhanallahi, ni ban ce haka ba Hajiya.

Hajiya Mai Ƙugiya: Ba sai ka ce ba, Malam.

Ɗan Tana: Ranku ya daɗe, sunan littafin fa?

Kwale-kwale: Ni ina bayan Baba, kuma da hujja. A wani kogo a tsibirin Okinawa na Japan an tono ƙugiyoyin da aka sassaƙa da ƙwanson dodon koɗi na teku, shekarunsu wajen 23,000. Lokacin ko rubutu babu a duniya, balle littafi. Su waɗancan wa ya koya musu? Ruwa ne malaminsu.

Mai Fatsa: Madalla, sai ka je ka kama da ƙwanson koɗi mu gani. Waɗancan ba su san igiyar roba ba. Shi kansa Walton da gashin wutsiyar doki ake murɗa igiya a zamaninsa. Nailan sai a shekarun 1930 aka ƙirƙiro shi, kuma halinsa daban ne: yana da santsi, ƙullin da zai riƙe zare zamewa yake yi a kansa. In kuma ka ja ƙulli a bushe, gogayya tana ɗumama shi ya raunana, shi ya sa ake jiƙa shi da yawu kafin a tsuke. Ni shekara biyu kifi yana tsinke mini daidai wurin ƙugiya, ina zagin masu sayar da igiya, ashe hannuna ne. A littafin na gani. A shafukan da aka yage ɗin nan.

Baba Mai Taru: Jiƙa ƙulli da yawu ne sai an buɗe littafi? Jikana ma ya sani.

Mai Fatsa: Don yana da kaka irinka ne, Baba. Wanda ba shi da kowa a ruwa fa?

Na Baba: To ka amsa da kanka ke nan, ba gadonka ba ne. Shi ya sa muka ce ba masunci ba ne kai.

Hajiya Mai Ƙugiya: Yanzu kuma gado ya koma? Ɗazu cewa kuka yi wanda yake ci da ita. Ku tsayar da ɗaya.

Kwale-kwale: Duka biyun ne.

Gwanin Dare: Tunda an kawo ni kasuwa, bari in fito. Ni ne na ari littafin. Yaya Mai Fatsa, ban zaci za ka kai maganar nan zaure ba, da ka kira ni. Ruwan sama ne ya kama ni da dare, jaka ta jiƙe, ni ma wayata a ranar ta mutu, ban zo na yi wa kowa kuka ba. Shafukan kuma ban zubar ba, cire su na yi na sa a leda don in riƙa dubawa a bakin ruwa, suna nan wani wuri. Kuma a faɗi gaskiya, rabin littafin kan kifin ruwan sanyi ne wanda ban taɓa gani da idona ba. Tarwaɗa nake kamawa. Ita da dare take kiwo, da gashin bakinta take lalube, ƙamshi take bi, ko ruwa ya ƙafe saura taɓo tana shaƙar iska ta rayu. Wane shafi ne ya koya mini wannan? Babu.

Mai Fatsa: Ka ce littafi ba ya kama kifi, amma ka yage shafi shida kana yawo da su a aljihu?

Gwanin Dare: Cirewa na yi, ba yagewa ba.

Na Baba: Akwai bambanci gaskiya.

Hajiya Mai Ƙugiya: Wane bambanci don Allah? Littafi ɗinkakke ne, ba fayil ba.

Malam Mai Allo: Ƙanena Gwani, abin da ka faɗa kan tarwaɗa daidai ne, tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita. Amma wannan ma a rubuce yake. Haka nan dalilin da kifi ke yin sanyin jiki da tsakar rana in ruwa ya ɗumama: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Da jijiyar nan da ke gefen jikinsa wadda yake jin motsi da ita, shi ya sa taku mai ƙarfi a gaɓa yake korarsa.

Baba Mai Taru: Wato sai an je makaranta a san kada a yi tsalle a bakin ruwa. Allah mun gode maka.

Sabon Hannu: Ni shawarata, mai littafi ya ɗauki hoton shafuka ya turo zaure kowa ya amfana, a huta da aro.

Malam Mai Allo: Na Walton ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kyauta yake a intanet. Amma sabon littafi akwai haƙƙin marubuci, guminsa ne.

Kwale-kwale: Malam, kai da ka turo mana littafi sukutum bara, yau kai ne mai wa'azin haƙƙi?

Malam Mai Allo: Babi ɗaya na turo.

Kwale-kwale: Uku.

Gwanin Dare: Tunda tone-tone ake yi, Yaya Mai Fatsa ya faɗa wa jama'a waye ya ciro masa giwan ruwan nan da ya sa hotonsa a fuskar waya. Ni na shiga ruwa har ƙugu na tallafo shi, yana gaɓa yana ihu igiya za ta tsinke. Littafin yana ina a ranar?

Mai Fatsa: Ƙullin da ya riƙe kifin har ka iso, daga ina na koya?

Na Baba: Kifin ma ba wani babba ba ne, miƙa hannu aka yi kusa da kyamara.

Mai Fatsa: Kai da ba ka wurin?

Na Baba: Ina da ido ai. Yatsunka sun fi kanka girma a hoton.

Hajiya Mai Ƙugiya: Ni dai na lura har yanzu ba wanda ya ce wa bawan Allah nan "yi haƙuri" kan littafinsa.

Gwanin Dare: Hajiya ke ma kin ari darmata tun kafin damina.

Hajiya Mai Ƙugiya: Ƙwaya huɗu! Turo yaro ya karɓa yanzu.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Mafi yawan 'yan zaure sun yarda da Baba cewa masunci shi ne wanda ya tashi a ruwa kuma yake ci da shi, saura masu sha'awa ne, muna kuma maraba da su. An nuna da hujjar tarihi cewa mutane sun yi shekaru dubbai suna kamu ba littafi, har Malam Mai Allo da kansa ya tabbatar marubucin nan na Ingila ɗan kasuwa ne. Ƙanena Gwanin Dare ya yi bayani cikin ladabi cewa ruwan sama ne, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa, ni ma na san shi ba mai ɓarna ba ne, tare muke fita. Mai Fatsa, a gaba a riƙa tauna kalma kafin a furta, dattawa suna zauren nan. Maganar littafi kuma ku sasanta ta bayan fage. Zan rufe sharhi nan da minti biyar.

Malam Mai Allo: Shugaba, ban tabbatar da komai ba, juya mini magana aka yi.

Mai Fatsa: Na ƙirga, mutum uku ne suka bi Baba, huɗu da kai. Ina mafi yawan? Kuma shafukana shida fa?

Gwanin Dare: Zan duba aljihun ɗaya rigar.

Ɗan Tana: Don Allah kafin a rufe, sunan littafin.