Shawarwarin zaman unguwa a Tahoua kan cikin ƴan mata

Ungozomomi, malaman lakkol da masu unguwa sun yarda tsawa kaɗai ba ta tsare yarinya. Uwa ko gwaggo ta yi mata bayanin haila tun tana shekara 10, kafin ƙawaye su ce mata kwana ɗaya ba ya kawo ciki.

Maganar talla ce ta fi ɗaukar lokaci. A daina tura yarinya tasha bayan magariba, kuma kada a ce dole ta cika kuɗin ciniki, don nan ne take fara karɓar na maza. In ta yi fashin lakkol, malami ya aika gida ranar.

In fyaɗe ne, a kai ta likita cikin awa 72 don maganin hana ciki da na kariya daga sida, kada a tsaya sulhu. Samari kuwa, liman ya taɓo su a huɗuba.