Shin ya halatta a buɗe farantin fangas a kan teburi idan babu wuta?

Ɗalibar gwaji:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina samun horo a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, inda muke shuka majinar marasa lafiya a kan farantin Sabouraud, wato abincin da ake shuka fangas a kai. Wani faranti ya fitar da farar funfuna mai kama da auduga bayan mako biyu, kuma kabinet ɗinmu, wato akwatin aiki mai tace iska don kare ma'aikaci, ba ya aiki idan an ɗauke wuta. Shin zan iya buɗe farantin a kan teburi idan na sa takunkumi da safar hannu?

Tsohon ma'aikaci:
Wa'alaikis salam, 'yata. Kada ki buɗe shi, kada kuma ki sansana shi. Farar funfunar da ta yi jinkirin fitowa daga majina tana iya zama Histoplasma, fangas mai jawo cuta, wanda a zafin jikin mutum, digiri 37, yake zama ƙwayar yis, amma a digiri 25 yake komawa funfuna mai fitar da ƙurar iri, kuma wannan ƙurar ce ke shiga huhun ma'aikaci da zarar an ɗaga murfi. Kada a ɗauka cutar ta Amurka ce kaɗai, domin nau'in duboisii na Afirka ne, an kuma gano shi a kogon jemagu na Ogbunike a jihar Anambra. Ki naɗe bakin farantin da salatif, ki sa shi a mazubi mai murfi, sannan ki sanar da shugaban sashe a tura shi ɗakin gwaji mai matakin kariya na 3.

Malama mai koyarwa:
Ina goyon bayan Baba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rikita kabinet mai kare ma'aikaci da teburin da ke hura iska mai tsabta zuwa fuskarsa, wanda samfuri kawai yake karewa. Ki tabbatar kabinet ɗinku aji na biyu ne, wato mai kare ma'aikaci da samfuri duka. Idan faranti ya fashe, kowa ya fita, a rufe ƙofa har ƙurar ta kwanta, sannan a lulluɓe wurin da tsumma jiƙe da ruwan bilic, domin sifirit ba abin dogaro ba ne a kan ƙurar iri.

Ɗalibar gwaji:
Na gode. To tsofaffin farantan fa?

Tsohon ma'aikaci:
A dafa su a otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a digiri 121 kafin su bar ɗakin, saboda masu shara ne ke ɗaukar su, kuma galibi ba su san abin da ke ciki ba.