Wane faifai ka taɓa ji daga farko har ƙarshe ba ka tsallake ko waƙa ɗaya ba?

Mai Gyaran Rediyo, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar ina kwashe tarkacen shago sai na ci karo da wani kwali cike da kaset, wasu har sun yi fumfuna. Yaron shagona, ɗan shekara 19, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ya ce, "Oga, to ta ina ake tsallake waƙar da ba a so?" Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce ba a tsallakewa, haƙuri ake yi da ita har ta zama taka.

Shi ya sa nake tambaya. Ba waƙar da ka fi so nake nufi ba. Faifai guda ko kaset guda da ka zauna da shi daga farko har ƙarshe, kuma kana ina lokacin.

Nawa Exodus ne na Bob Marley, na 1977. Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Iddo a 1986, ko kalmar Turanci goma ban haɗa ba. Maigidan da ya koya mini gyara da wannan kaset yake gwada duk rikodar da aka gyara. Ga inda abin dariyar yake: waƙar farko a hankali take shigowa, kamar daga nesa ake tahowa da ita. Ni kuwa ban sani ba, sai na ɗauka rikodar ce ba ta da murya, na sake kwance ta har sau biyu. Maigida ya bar ni na gama wahalata sannan ya ce lafiyarta ƙalau, haka mai waƙar ya so. Waƙa goma ce, biyar kowane gefe. Gefen farko nauyi gare shi, kamar mutum na gargaɗi. Kana juyawa sai ka ji an saki rai, soyayya da nishaɗi. Sai daga baya na ji cewa an harbi Bob Marley a Kingston ta Jamaika a Disambar 1976, ya tsira ya koma Landan, a can ya yi faifan. Tun daga ranar nake jin gefen farkon da wani kunne dabam.

Dattijon Idi-Oro

Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Ɗana mai rediyo, kai labari ka ji. Ni nawa faifan da idona na ga abin da ya jawo. Zombie na Fela. Waƙa biyu ce kacal a ciki, kowace ta cinye gefe guda, kowace ta haura minti goma sha biyu. Ana daɗewa ana kiɗa da busa kafin ya buɗe baki, har baƙo zai zaci babu waƙa a ciki. Mai gangarsa Tony Allen, hannu da ƙafa kowanne da nasa aikin, kai ka ce mutum huɗu ne suka zauna.

A 1977 ina da teburin goro da sigari a bakin titin Agege Motor Road a Mushin, ba nisa da gidan Fela da yake kira Kalakuta. An gama FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da 'yan kwanaki, gari bai gama hucewa ba. Ranar 18 ga Fabrairu sojoji suka zo, kusan dubu aka ce, suka ƙone gidan. Na kwashe goro a zani na shige lungu. Hayaƙin gidan nan har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Mahaifiyarsa, tsohuwa, ta taga aka jefo ta, a shekarar da ta biyo ta rasu.

Abin da ban cika faɗa ba shi ne, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya soja ne a lokacin, kurtu. Waƙar kuwa su take zagi, cewa soja ba ya motsi sai an ce ya motsa. Yara su ga mai kaki sai su riƙa jifansa da sunan faifan. Don haka ban taɓa saye ba. A shagon wani tela Bayarabe na ji shi gaba da baya, ina jiran ya gama mini wando, ƙafata na bin kiɗan, raina na ɓaci. Har ɗan'uwan nawa ya koma ga Allah ban gaya masa na ji ba.

Direban Tirela

Allah ya jiƙansa, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya.

Amma jama'a ku yi haƙuri, kun tashi da Jamaika kun sauka a Mushin, ba wanda ya waiwayi gida. Shekara da shekaru ina jan mota tsakanin Kano da Legas. Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Badun. Wanda ya san ramukan hanyar nan da dare ya san barci abokin gaba ne. Abin da ya riƙe mini ido shi ne kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, mai minti casa'in, arba'in da biyar kowane gefe. Bakandamiya ce a farko. In kalangu ya ɗauka, 'yan amshi suka karɓa, sitiyari ma sauƙi yake yi. Na san in na sa shi a fitar Mokwa, a ina zan juya shi. Ranar da aka ce ya rasu a 1999 ina Ilori ana yi mini faci, direbobi muka yi cirko-cirko a gindin rediyon mai shayi, ba mai magana.

Ɗaliba a Akoka

Kawu Direba, da girmamawa, Shata ba sa'an kowa ba ne, amma wannan ba albam ba ne. Albam mai waƙar ne ke zama ya tsara: wannan ta fara, wannan ta biyo, a nan za a rufe. Ku ɗauki Thriller na Michael Jackson, 1982, waƙa tara, shi da mai tsara masa kiɗa Quincy Jones suka tace suka zaɓa, kuma duk wanda ya saya a duniya jeri ɗaya ya samu. Kaset ɗinka kuwa mai shagon kaset ne ya haɗa maka. Na tabbata na direban da ke bayanka dabam yake da naka.

Direban Tirela

'Yata, gaskiyarki, dabam yake. Ni na tsaya a kan mai ɗaukar na ce sa wannan, biyo da waccan, cike sauran wurin da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Na biya kuɗin kaset na biya kuɗin ɗauka. To wa ya fi sanin hanyar Jebba, ni ko Quincy Jones? Kuma Shata bai taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Wadda ya yi a gidan biki dabam, ta gidan rediyo dabam, don yana kallon wanda ke gabansa ne yana saka shi a ciki. Ta yaya za ki kulle irin wannan mutum a waƙa tara?

Ɗaliba a Akoka

Ban ƙi ba, Kawu. Sai dai abin da ke damuna ke nan. Wanda ya tsara nasa, an san shekararsa, an san wanda ya buga kowane abu. Namu kuwa ko sunan mai kalangun ba a rubuta a jikin kaset ba.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba

Ku bar mu mu ma mu sa baki, kada a ce mata amada kawai muka sani, ko da yake Allah ya jiƙan Barmani Choge, ba bikin da ya cika ba ita.

Ni nawa Moussolou ne na Oumou Sangaré. Ina sarin shadda a wajen wasu 'yan Mali a cikin Ikko, kullum shi ke tashi a shagonsu. Ba na jin Bambaranci ko kaɗan. Amma muryar yarinyar nan, don lokacin da ta yi shi a Abidjan a 1989 shekarunta ba su fi ashirin da ɗaya ba, sai ta tsaya mini a ƙirji. Akwai wani abin kiɗa mai tsirkiya da ke tsalle a ƙarƙashin muryar, kamar gurmi amma ya fi shi kauri. Na tambayi matar mai shagon me sunan yake nufi, ta ce "mata". Na ce me take cewa? Ta kalle ni ta yi murmushi ta ce auren dole, da zaman haƙuri, da abin da mace ke haɗiyewa.

Watan nan kuwa aka yi mini kishiya. Ba zan ɓoye ba. Na sayi kaset ɗin, ranar da ba girkina ba sai in rufe ɗaki in sa shi ƙasa-ƙasa ina tsefe kan yara. Maigidan ya taɓa leƙowa ya ce wannan wane yare ne? Na ce waƙar kasuwa ce. Yanzu ni da abokiyar zaman tawa lafiya lau muke, har ita na tura wa a waya. Ita ma ba ta tambaye ni fassara ba.

Tsohon Ma'aikacin Tashar Apapa

Hajiya, kin gama magana.

Nawa gajere ne. Wani Bature da muka yi aiki tare ya ba ni Band on the Run na Paul McCartney, ya ce ka san a unguwar nan aka yi shi? Na ce wasa kake. Ashe gaskiya ne, a 1973, a ɗakin ɗaukar waƙa na EMI da ke nan Apapa. Har 'yan fashi suka tare shi da wuƙa wani dare suka ƙwace kaset ɗin gwajin waƙoƙin. Na ji shi tas don in ji Legas a ciki. Ban ji ta ba. Faifai ne mai daɗi, amma da a Landan aka ce an yi shi ba zan musa ba.

Mahaucin Oko-Oba

Ni ban zaɓi nawa ba, ta bango ya shigo. Shekara shida ina haya ɗaki ɗaya jikin na wani Alhaji Bayarabe, shi kuwa in ba Sikiru Ayinde Barrister ba to ba kiɗa. Fuji tun asuba. Da farko har ƙara na kai wa mai gida. Wata rana cikin azumi Alhajin ya zaunar da ni ya ce, ka san asalin kiɗan nan? Na tada mutane sahur ne, samari ke zagaya unguwa da shi. Na ce ashe 'yan'uwan masu tashe ne. Daga nan na fara kasa kunne, sai na ji gangar da suke matsewa a hammata ai ƙanwar kalangu ce, magana take yi. Faifan fuji ba ya yankewa, gefe guda tafiya ɗaya ce, ko kana son tsallakewa ba ka san inda za ka dira ba. Alhajin ya tashi daga gidan a 2010, shekarar da Barrister ya rasu. Ɗakin ya yi shiru har ya dame ni.

Haifaffen Agege

Iyayenmu, a yi mana adalci, ba duka muke tsallake waƙa ba. Made in Lagos na Wizkid, waƙa goma sha huɗu. An sa ranar fitarsa tsakiyar Oktoban 2020, ya ɗage saboda zanga-zangar EndSARS, sai 30 ga wata ya fito. Lokacin mun sha zaman gida na dokar hana fita, ba aiki, jiki duk a mace. Na sayi datar dare na sauke shi, na hau saman tankin ruwan gidanmu da abin kunne ɗaya, don ɗayan ya mutu. Ina jiran hayaniya irin ta danfo, sai na ji abu a kwance, ba gaggawa, da busa a hankali. Ban taɓa jin Legas ta yi sanyi haka ba. Kowa Essence ya riƙe saboda muryar Tems, amma ita ce ta goma sha ɗaya, in ka faɗa kanta kai tsaye ba ka ji yadda aka shirya maka hanya ba.

Baba na Idi-Oro, busar da ke ciki jikar ta Fela ce, in ka ji za ka gane ta.

Dattijon Idi-Oro

Jikana ya sa mini yanzu. Busar na nan. Sai dai gajeru ne, ina gyara zama sai in ji an gama.

Mai Gyaran Rediyo, Agege

To ga yadda aka ƙare da yaron shagona. Na samo wata tsohuwar rikoda, na canja mata roba, na goge kan da auduga, na sa masa Exodus ban ce komai ba. Ya ji shiru, ya murɗe murya har ƙarshe, yana cewa Oga ba ta gyaru ba. Da kiɗan ya iso sai da mai shayin gefenmu ya zubar da madara. Ya ji gefen farko tas, ya juya da kansa. A waƙa ta uku ta gefe na biyu rikodar ta cinye zaren. Na koya masa yadda ake zaro shi a hankali, a yanke inda ya tauye, a haɗa da jan farce, a naɗe da biro. An rasa kamar daƙiƙa huɗu.

Malam Direba, in kaset ɗin nan naka yana nan, kawo shi. Zan juye shi a kwamfuta in ba ka a memori. Ɗaliba kuma ki zo da takarda, Malam Direba ya faɗi abin da ya sani na kowace waƙa ki rubuta.

Direban Tirela

Yana nan cikin akwatin mota, an ɗaure shi da kyauro. Yanzu haka ina Mokwa da lodin albasa, in Allah ya yarda Alhamis da asuba zan shiga kasuwar Mile 12. In an sauke da wuri zan biyo. Amma a gabana za a juye, ba na barin sa ya kwana a shago.