Ƙanwata na da ciki a Miniyapolis, tsoron 'yan sanda ya hana ta zuwa asibiti

Maman Hanif: Salam 'yan uwa. Ƙanwata ce, cikin fari, wata bakwai. Sau biyu a wata ɗaya 'yan sanda suna tare mijinta a ƙofar gida in ya dawo aikin dare, na biyun har suka kifa shi kan mota tana kallo ta taga. Ni dama ban so ta bi shi Amurka ba, Inna ce ta dage. Tun ranar barci ya ƙaurace mata, ƙafa ta kumbura, jiya jininta 148/94. Ta rantse ba za ta kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, ba. Ya zan yi?

Anti Rakiya: Jinin mai ciki ya haura 140/90 bayan mako 20, magana ta wuce gida. Yau ta tafi sashen haihuwa, a duba furotin a fitsari, a ɗebi jini a duba hanta da ƙoda. In ya kai 160/110, ko ciwon kai ya ƙi jin magani, ko tana gani dishi-dishi, ko ƙasan haƙarƙarin dama na ciwo, jijjiga ce a bakin ƙofa. A kira 911, a ce motar asibiti ake so.

Malam Sani: Tsoronta ba na banza ba ne, Anti. A 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ƙirga mutuwar baƙaƙen mata a sanadin ciki ko haihuwa 69.9 cikin kowace haihuwa 100,000, farare 26.6. Binciken Rachel Hardeman, masaniyar lafiyar al'umma, a Miniyapolis ɗin ya nuna bakwaini sun fi yawa a unguwannin da 'yan sanda ke yawan tare mutane. Mijin ya kai ta da kansa. Kuma ta tambayi me za a nema a fitsarin, don sai 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta hana yi wa masu ciki gwajin miyagun ƙwayoyi a ɓoye don miƙa wa 'yan sanda.

Anti Rakiya: Malam, kada ka ƙara firgita ta! In ta fara jijjiga a mota fa? Wata dokar Amurka ta 1986 ta hana asibiti korar mai larurar gaggawa, da takardun zama a ƙasar ko babu. Ta nemi tafinta, kyauta ne. In sun ce ta koma gida, ta ce a rubuta dalili a fayil ɗinta.

Maman Hanif: Ai ba zaune muke ba, tana shan zoɓo da tafarnuwa, kuma tana da ranar awo Alhamis.

Anti Rakiya: Alhamis? Maman Hanif, yau nawa na'urar ta nuna?