Wace tocilar duba ido ya kamata in saya kafin mu shiga asibiti?

Ummi ta Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum yayyena. Ina shekarar farko a makarantar koyon jinya, wata mai zuwa za a tura mu asibiti. Cikin kayan da aka ce mu tanada har da ƙaramar tocilar nan mai kama da biro. Na sayi wata a wani shago a Taminus, sati biyu kacal ta yi ta fara lumshewa, sai na bubbuga ta a tafin hannu take kawo wuta. Da na je canza batir, ashe a liƙe take, ba a buɗewa. Mai shagon ya nuna min wata mai haske kamar fitilar mota, wai ita likitoci ke saya. In ɗauka? Ko fitilar wayata ma ta wadatar?

Sista Maman Amira:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ɗauki mai haskan nan. Ba ɓarawo za ki nema da ita ba, idon mara lafiya za ki haska. Abin da kike dubawa shi ne baƙin ɗigon tsakiyar ido: in haske ya taɓa shi ya tsuke, na ɗaya idon ma ya tsuke tare da shi. In hasken ya yi ƙarfi, mutum zai runtse ya kau da kai, hawaye su zubo, ba ki ga komai ba. Yaro kuwa, daga ranar ya daina yarda da ke.

Shekarata 14 a aiki, mai batir AAA guda biyu nake riƙewa, ta ƙarfe, mai maɓalli a gindi. Waɗanda ake kunnawa da matse maƙalin aljihu sukan kunna kansu cikin yunifom, ki ciro da dare ki tarar batir ya ƙare. Ki nemi wadda aka zana ɗigo-ɗigon awo a jikinta na milimita. Daren da aka kawo miki wanda ya bugu a ka, aka ce ki riƙa duba idonsa kina rubutawa, ba za ki rubuta "ya ɗan buɗe" ba, lamba ake so: dama 3, hagu 3. In ɗaya ya koma 6 kuma ya ƙi tsukewa, ba jira, likita za ki kira a guje.

Kalar hasken ma ki lura. Mai shuɗi-shuɗin nan tana sa maƙogwaro da dasashi su yi fari fat, ki zaci jini ya yi ƙasa. Mai ɗan ruwan ɗorawa ta fi nuna gaskiya. In ciwon shawara ne kuwa, ki kai mutum bakin taga ki duba da hasken rana.

Ɗan Farin Gada:
Anti ta gama magana. Ni dai mai caji na saya, ta USB, kuma na yi nadama ranar da muka kwana biyu ba wuta. Ki ajiye batir biyu a jaka, musamman da hunturun Jos, sanyi na kashe musu ƙarfi. Sannan ki rubuta sunanki a filasta ki manna. Tawa ta uku ke nan, "ara min minti ɗaya" ta cinye biyu.

Sista Maman Amira:
Na manta batun waya. Haskenta ya yi yawa kuma a baje yake. Ga shi kin gama taɓa marasa lafiya da ita ki kai kunnenki, ki kai gida yara su ɗauka. Tocila kina gogewa da auduga da sifirit bayan kowane mutum.

Ummi ta Anguwan Rogo:
Allah ya saka da alheri Anti, na gode Yaya. Asabar zan koma da batirina a hannu, in gwada ta a idon ƙanina kafin in biya. Shi dai bai san da zancen ba tukuna.