Ƙwan inaji: sauƙi ne ko asara? Muhawarar masu wayarin a Katsina

Malam Lawal: Jama'a, magana ɗaya nake so mu warware. Ƙwan inaji, mai murɗaɗɗen gilashin nan, ba ya rage wa mai gida komai. Abin da ya rage a mita, shi yake biya a shago, tunda bai daɗewa yake mutuwa.

Injiniya Bishir: Malam, mu buga lissafi. Jan ƙwai mai wat 60 da na inaji mai wat 15 haskensu kusan ɗaya ne. Gida mai ƙwai 6, awa 6 kullum, kwana 30: jan zai ci yunit 64.8, na inaji 16.2. Rarar yunit 48 da ɗoriya kenan duk wata.

Malam Lawal: A takarda kenan, Injiniya. Kwali zai ce maka awa 8,000, ƙwai ya ƙone kafin damina.

Kabiru Daura: Malam yana da gaskiya ta wani ɓangaren, amma mu faɗi abin da ke kashe shi. Ba gilashin ke fara lalacewa ba, gindin ne. A cikin farar robar nan akwai ƙaramin allon lantarki da kafasito, wato ɗan abin da ke tara wuta, kuma zafi ne ajalinsu. Ka rataye shi kai ƙasa a silin, ƙarƙashin kwano, a zafin Afrilu, duk turirin gindin yake hawa. In kuma an kulle shi cikin murfin gilashi, to an gama da shi. Ka duba wanda ya mutu, za ka ga robar ta yi ruwan ƙasa, wani lokaci har da tsagewa.

Injiniya Bishir: Ƙara da yawan kunnawa da kashewa. Kowane kunni yana cin ƴan wayoyin bakin bututun gilashin, shi ne baƙin da ake gani a wurin. Saboda haka bai dace da banɗaki ba. Zaure, tsakar gida, ƙofar gida, inda zai kwana a kunne, nan ne wurinsa.

Malam Lawal: To wanda ke ƙyafta ido cikin dare bayan an kashe fa?

Kabiru Daura: Wannan laifinmu ne mu masu aiki. An ɗora makunni a kan nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon layif, wayar da ke kawo wutar, ko makunnin mai ɗan haske ne a jiki. Wuta kaɗan na silalewa tana cika kafasiton, sai ya yi walƙiya. A mayar da makunni kan layif, in kuma mai hasken ne a canza shi, shi ke nan.

Hajiya Binta: Ni a shago abin da nake gaya wa masu saye daban ne. Akwai zaiba a cikin bututun, miligiram kaɗan, amma guba ce. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga kamar minti 15. Kada a sa tsintsiya. A kwashe da kwali, a bi da salatif da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe a kwalba. Kuma don Allah kada a jefa a bolar da ake ƙonawa.

Malam Lawal: Kun ga? Zafi, zaiba, makunni. Wane sauƙi ya rage?

Injiniya Bishir: Tsakaninsa da jan ƙwai har yanzu shi ke gaba, Malam, yunit 48 ba wasa ba ne. In da ƙwan LED za ka gwada shi, na sallama: wat 9 zai ba ka wannan hasken, babu zaiba, kuma yawan kunnawa bai dame shi ba.

Kabiru Daura: Shi ma dai zafin silin bai ƙyale shi ba.