Muhawara: Rubuta wa Abokin Aure Waƙar Soyayya, Gado Ne ko Aro?

Dattijo daga Katsina: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, waƙar soyayyar da miji zai zauna ya rubuta wa matarsa, ko mace ta rubuta wa mijinta, ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce. Aro ce daga finafinan Indiya da kuma littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun daga shekarun 1980. Iyayenmu mata ko sunan miji ba sa faɗa, sai dai su ce maigida ko Malam, amma duk da wannan kunya sun zauna da mazajensu har mutuwa ta raba. Labarin zuciya a tambayi fuska, ba takarda ba.

Malama daga Sakkwato: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda cewa aro ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ta rubuta wa mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima waƙa bayan rasuwarsa, ta bayyana zafin rashinsa, ta kuma lissafa hidimar da ya yi wa jama'a. Babu wanda zai ce ta rasa kunya ko ta kwaikwayi Indiyawa. Ko matan da ba su yi karatu ba, ai suna yi wa mazajensu kirari, suna kuma sako yabonsu da zambonsu a cikin waƙoƙin daka da na niƙa. Baƙon abu kawai shi ne biro da waya.

Dattijo daga Katsina: 'Yata, hujjar taki ta taimake ni ne. Abin da Nana ta rubuta marsiyya ce, wato waƙar makoki, da Fulatanci, kuma bayan ƙasa ta rufe idon mijin. Ba ta miƙa masa ita yana zaune yana saurare ba.

Ɗalibin ilimi daga Zariya: Baba, a gafarce ni, idan yabo ya halatta bayan mutuwa, ban ga abin da zai hana shi a lokacin da wanda ake yabo zai ji daɗinsa ba. A ɓangaren addini kuwa maganar a fili take. Amru bin Asi ya tambayi Manzon Allah (SAW) wane ne ya fi so a cikin mutane, ya amsa masa da cewa A'isha, bai ɓoye ba. A hadisin Ummu Zar'in, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, mata 11 ne suka siffanta mazajensu da magana mai azanci, wadda ta fi su yabo ita ce Ummu Zar'in, kuma Annabi ya ce wa Nana A'isha shi a wurinta kamar Abu Zar'in yake a wurin matarsa Ummu Zar'in. Haka nan Ka'abu bin Zuhairu ya rera ƙasidarsa ta Banat Su'adu a gaban Annabi, alhali da begen mace ta fara, ba a tsawata masa ba, sai ma kyautar mayafi da ya samu.

Uwargida daga Maraɗi: Malam, duk na yarda da hujjojinka, sai dai ku maza kuna tattauna abin kamar kowane gida mace ɗaya ce a cikinsa. Mu da muke zaune da abokan zama mun san inda gizo ke saƙa. Yawancin masu wannan waƙa amarya suke rubuta wa, ita kuwa uwargida da ta haifi 'ya'ya, ta yi jinyar uwar miji, ba ta taɓa samun ko ɗango ɗaya, wato layin waƙa ɗaya, ba. Ranar da waƙar ta faɗa hannunta, ko amarya ta rera ta da gangan a tsakar gida, ranar zaman lafiya ya ƙare. Na san shari'a ba ta kama mutum a kan karkatar zuciya, amma da zarar ya ɗauki alƙalami ya rubuta, abin ya tashi daga zuciya ya koma aikin hannu, kuma a ganina ya kamata a yi adalci a cikinsa.

Malama daga Sakkwato: Yaya, wannan gaskiya ce mai ɗaci. To amma maganinta a rubuta wa kowacce tata, ba a hana duka ba. Kuma uwargida ce ma ta fi sauƙin rubuta wa, domin akwai tarihin da za a zuba a baiti, wato haƙurin shekarun babu da tarbiyyar yara da rufin asiri. Mai rubuta wa amarya ba shi da abin faɗa sai ido da haƙora.

Ɗalibin ilimi daga Zariya: A nan ne nake ganin Baba yana da rabin gaskiya. Abin da ya ɓata lamarin shi ne tallata shi. Mutum zai siffanta jikin matarsa gaɓa-gaɓa, ya ɗora a Facebook tare da hotonta, maza suna tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. An hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta, to ina ga miji ya siffanta tasa ga duniya? Yabon hali yana iya fita fili, amma siffar jiki da sirrin ɗaki ba su da hurumin wuce ƙofa.

Marubuci daga Kano: Ni damuwata ta sana'a ce. Akasarin abin da ake kira waƙa a yau ba shi da kari, wato ma'aunin sautin waƙa, ba shi da amsa-amo, wato dacewar sauti a ƙarshen layuka, kuma kwafe ne ake turawa daga waya zuwa waya, har mace ta tarar da irin saƙon da aka aiko mata a wayar ƙawarta. Wanda zai yi, ya yi 'yar ƙwar biyu, wato mai layi biyu a kowane baiti, mai baiti biyar ko shida, ya riƙe amsa-amo ɗaya, ya rera ta a bakinsa don ya ji inda kari ya karye, sannan ya sa abin da su biyu kaɗai suka sani. In bai iya ba, wasiƙa ta gaskiya ta fi waƙar aro daraja.

Dattijo daga Katsina: To, na sassauta a kan wadda za ta tsaya tsakanin miji da mata, domin tsakaninsu sai Allah. Amma ina nan a kan bakana cewa mutumin da bai ajiye cefane ba, bai biya kuɗin makarantar yara ba, bai kamata ya kama alƙalami ba.

Uwargida daga Maraɗi: Baba, a kan cefane babu mai ja da kai. Ni dai tambayata ga mazan da ke cikinmu ita ce: wane ne a cikinku ya taɓa rubuta wa uwargidansa?